Kuka Ba a Leda Take Tsirowa Ba

Bayan la'asar ne, a tsakar gidanmu da ke wani lungu cikin Ƙofar Na'isa. Hajiya ta baje zogale a faifai tana tsinkewa, ɗiyar ƙanwata kuma, 'yar shekara bakwai, ta yi rub da ciki a kan tabarma tana aikin da aka ba su daga makaranta. An zana musu wata shuka a allo sun kwafo: ga saiwa, ga kara, ga ganye, ga fure, ga ɗa, kowanne da 'yar kibiya da sunansa da Turanci. Ta haddace su tsaf, har rera su take yi. Sai dai shukar da ke cikin littafin ba dawa ba ce, ba wake ba ce, ba kuɓewa ba. Irin shukar nan ce da ba ta tsirowa ko'ina sai a jikin allo.

Na ce mata, "To Malama, miyar kukar da muka sha jiya, wane ɓangare ne na shuka?"

Ta ɗago kai ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Kawu, kuka ai gari ce. A leda ake sayo ta."

Hajiya ta tuntsire da dariya har zogalen ya zube. "Ka ji mini kishiya! Gobe kuma cewa za ta yi a ƙwarya nono yake tsirowa."

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa. Tun da aka haife ta, kuka wani koren gari ne da ake aiken yaro ya karɓo a wurin mai kayan miya, a ƙulle a leda. Ba ta taɓa tsayawa a gindin kuka ba, ba ta ga yadda ake hawa a tsinko ganyen, a shanya, a daka, a tankaɗe ba. Ta sha jin ana ce wa yayanta ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa idan ya janyo magana a unguwa, amma ba ta san cewa akwai wata bishiya mai ƙaton ciki da yara ke jifa don su kaɗo 'ya'yanta ba. Karin maganar na nan a bakin mutane, bishiyar ce ta yi nisa.

Da can kuwa ba nisa gare ta. Baturen nan Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma gonaki ya ratsa a cikin badala kafin ya kai ga gidaje. Wato birnin da gonarsa a ciki aka gina shi, don ko an yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci shi. Sunayen unguwanni ma shaida ne. In ka fita ta Ƙofar Na'isa ka miƙa yamma ta wajen tsohuwar Jami'ar Bayero, za ka kai Ɗorayi, sunan da shi kansa jam'in ɗorawa ne. Ga Gandun Albasa nan kusa. Ga Giginyu, ga Kurna, ga Rimi, ga Durumin Iya, ga Tsamiyar Boka. Yau ka je Gandun Albasa neman albasa, sai dai ka same ta a teburin mai kayan miya. Ita kanta ƙofar tamu, a 2010 aka rushe tsohon gininta na ƙasa don faɗaɗa titi, aka yi sabo. Gari ya cika ya batse, fegi ya cinye gona, kuma babu wanda zai ce a rushe gidaje a mayar da gandu. Abin tambaya kawai shi ne, yaron da aka haifa tsakanin bulo da kwalta, ta ina zai san asalin abin da ke cikin kwanonsa?

Ni a ganina amsar tana cikin bakinsa tun kafin a kai shi makaranta. Hausa ba ta tsaya ga ba wa tsiro suna ɗaya ba. Sau da yawa kowane ɓangare da ake amfani da shi sunansa daban, kamar dai masu harshen sun zauna sun rarraba darasin tun tuni.

Ɗauki yakuwa. Ganyenta shi ne yakuwar da ake sa wa a miyar taushe ko fate don ɗan tsami, wadda mutanen Sakkwato da Katsina ke kira sure. Idan ta yi fure, furen ba ya daɗewa yake bushewa ya faɗi, sai 'yar rigar da ke tallafe da shi daga ƙasa ta ci gaba da kumbura, ta yi kauri, ta yi ja wur, ta rungume ƙwanson iri. Wannan rigar ita ce zoɓo. Ba furen kansa ake sha ba, kuma ba ɗan ba, rigar furen ce. A fasa ƙwanson kuma a sami ƙwayoyin da ake kira gurguzu, waɗanda ake dafawa a rufe su ruɓa a yi daddawar batso. Tsiro ɗaya, suna huɗu, abinci uku. Zoɓon nan da ake ƙullawa a leda a daskarar a sayar wa 'yan makaranta, shi ne ake lodawa a manyan motoci daga Jigawa da Kano a kai tashar jirgin ruwa, har ƙasar Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Duk yaron da aka miƙa wa reshen yakuwa guda da ganyensa da jan zoɓonsa a jiki, aka ce ya ɓare da hannunsa, ya gama fahimtar abin da zanen allo zai yi zango guda bai koya masa ba.

Haka ɗorawa. Garin nan rawaya mai zaƙi da ke manne wa yaro a dasashi shi ne ɗorawa, ƙwallon cikinsa kalwa, kalwa kuma ita ake dafawa a yi daddawa. Ɓawon ma ba a yar da shi, da shi ake makuba, wadda magina ke shafe katanga da daɓe da ita. Giginya ana shan ɗanta, a binne ƙwallon, in ya tsiro a tono a dafa, sunansa ya koma muruci, gangar jikinta kuwa ita ce azarar da ke riƙe da rufin tsofaffin sorayen cikin birni. Goruba a gwagwiyi ɗanta, ganyenta kaba ne, da shi aka saƙa tabarmar da yarinyar ke kwance a kai. Albasa ganyenta lawashi. Wake ganyensa da karansa in sun bushe harawa. Ɗinya sabon tohonta ɗinkin. Wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya tattara irin waɗannan sunaye ya buga littafi guda a kansu a 1916, sannan ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya zo da wasu da dama. Daga bakin manoma da mata da masu magani suka ji su. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yau jikokin waɗancan mutane sai su gama firamare suna iya jera sassan shuka da Turanci, amma ka ce musu mene ne gurguzu su yi zuru.

Da safe in za ni aiki nakan bi ta ƙofar wata firamare, kuma nakan dawo ta nan wani lokaci daidai an fito tara. Duk wanda ke neman kayan koyar da wannan darasi ya tsaya nan minti biyar. Ga mai dafaffen rogo da garin ƙuli. Ga mai rake ya jingina baro yana feraye. Ga yarinya da tiren kwaɗon zogale, ga wata da gyaɗa dafaffiya a gwangwani, ga aya, ga goruba, ga yalo, ga magarya in lokacinta ne, ga zoɓo mai ƙanƙara a kula. Saiwa, kara, ganye, ɗa, iri, duk suna nan a jere, kuma yaran da za a koya wa sun san ɗanɗanon kowanne, har sun san wanda ya fi araha. Sai a kaɗa ƙararrawa su share baki su koma aji, malami ya buɗe littafi ya nuna musu hoton tuffa da wani farin kabeji mai kama da fure da ko shi malamin bai taɓa ci ba.

A kwano ɗaya ma ana iya gama darasin. Ɗanwake garin wake ne da garin rogo da kuka: iri da saiwa da ganye a dunƙule guda. Furar da aka dama kuwa, geronta iri ne, barkononta ɗa ne, cittarta kara ce da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kanumfarinta kuma fure ne da aka tsinke tun bai buɗe ba aka shanya. A jiƙa kanumfari guda a ruwa a ba yaro ya duba da kyau, zai ga 'yar ƙwallon da ke kansa ganyen fure ne a naɗe.

Ga ɗan shekara biyar ko shida, ba a buƙatar wuce tambaya biyu: me muke ci a jikin wannan, kuma a sama yake ko a ƙasa? Kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma daga aji uku zuwa sama akwai daɗi a cikin abubuwan da ke ruɗarwa, don yaro yana son a ce masa abin da kowa ya ɗauka ba haka yake ba. Ba duk abin da aka tono daga ƙasa ne saiwa ba. Rogo saiwa ne, karas saiwa ne, dankalin Hausa ma haka. Dankalin Turawa kuwa kara ne da ya kumbura a ƙasa, shaidarsa idanun nan da ke jikinsa, waɗanda in ya kwana biyu a kwando suke fitar da tsiro, kamar yadda idon da ke gaɓar rake yake yi. Albasa an ce ba ta yi halin ruwa ba, to ba ta yi halin saiwa ba ma. A tsaga ta gida biyu daga sama zuwa ƙasa, za a ga ganye ne a kan ganye, gindin lawashi ne ya yi ƙiba ya lulluɓe juna. Saiwarta ita ce ɗan gemun nan da ake yankewa a zubar. Tumatir da tattasai da attaruhu da kuɓewa da kabewa kuwa, duk da a miya suke ƙarewa, 'ya'ya ne kamar mangwaro, tunda daga fure suka fito kuma iri na cikinsu.

Sarkin ruɗani dai gyaɗa ce, kuma a nan ne abin ya fi ba ni kunya a matsayina na Bakano. Garin nan da gyaɗa ya yi suna a duniya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga, aka riƙa jera buhuna ana tayar da dala har hotonta ya zama tambarin arzikin Arewa. Amma tara yara goma a unguwarmu ka tambaye su, tara za su ce maka gyaɗa saiwa ce, na goman ya ce a bishiya take. Alhali furenta a sama yake, ɗan ƙarami rawaya. In ya bushe sai wani siririn tsinke ya fito daga gurbinsa, ya sunkuya, ya soki ƙasa, a can cikin duhu bakinsa ya kumbura ya zama ƙwanso. Ɗa ne da uwarsa ke binnewa da kanta. Gurjiya ma haka take yi. Bambancinsu, gurjiya 'yar gida ce, nan Afirka aka san ta tun fil azal tare da gero da dawa da wake, gyaɗa kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, kamar rogo da tumatir da barkono da masara da duk suka ƙetaro teku daga nahiyar Amurka cikin shekaru ɗari biyar da suka wuce. Na taɓa faɗa wa Hajiya cewa akwai zamanin da Kanawa ke miya babu tumatir babu attaruhu, ta ce in daina yi mata tatsuniya da rana.

Akwai kuma ɓangaren da ba na wasa ba, wanda shi ne ma dalilin da ya sa kakanninmu ba su ɗauki wannan ilimi da sauƙi ba. Sanin abin da ake ci a jikin tsiro, rabinsa sanin abin da ba a ci ne. Bini-da-zugu da ake shinge da shi yana da ƙwaya mai maiƙo da yaro zai ɗauka 'yar'uwar gyaɗa ce, in ya ci kuwa amai da gudawa ne har sai an dangana da asibiti. Kama da wane ba ta wane. Ƙwayar zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, ta fi ta haɗari. Zaƙami na tsirowa a juji da kango, kowa ya san abin da yake yi wa hankali. Idon zakara ga kyau kamar dutsen ado, ja da ɗigon baƙi, amma dafi ne in aka tauna. Ko cikin abin da muke ci kullum akwai iyaka: rogo akwai mai ɗaci da ba a cin sa sai an jiƙa an sarrafa, dankalin Turawa in ya yi kore a yanke wurin a zubar, tumatir ana cin ɗansa ba a cin ganyensa. Yaron ƙauye yana koyon wannan a bayan yayyensa wajen kiwo. Na birni ba shi da mai nuna masa, sai ranar da aka je hutu ƙauye ko ya faɗa wani kango da abokansa. Ƙa'ida ɗaya ta ishi ƙaramin yaro: abin da ba ka ga ana ci a gida ba, kada ka kai baki sai ka nuna wa babba.

Ban ɗora wa malaman firamare laifi ba. Wanda aka tara wa yara sun kusa ɗari a aji ɗaya, wasu a ƙasa, ga alli da ƙyar, in ya zana shuka ya sa aka maimaita har aka haddace, ya yi abin da zai iya. Darasin yana cikin manhajar kimiyya ta matakin farko, ba a manta da shi ba. Matsalar ita ce harshen da ake ba da shi da kuma abin da ake nunawa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 aka ce a kai shi har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma gwamnatin tarayya ta janye ta ce a koma Turanci. Kafin duk wannan, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Nan Kano ma, makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909 da Hausa ta fara. Ko wace manufa ce ke ci a Abuja, ban ga dokar da ta hana malama ta ɗaga ganyen rama ta tambayi aji sunansa ba. Yaro ya fara cewa rama, ya ce ganye ne, ya ce da ƙuli ake kwaɗa ta, sannan a ba shi kalmar Turancin ya rataya a kan abin da ya riga ya sani. In aka juya tsarin, kalmar ba ta da inda za ta zauna sai a waƙa.

Malaman Islamiyya ma suna da ƙofa a buɗe. Suratu Abasa da yara ke haddacewa tun suna ƙanana ta jero ƙwaya da inabi da zaitun da dabino, aya ta 61 a Baƙara kuma ta ambaci albasa da wasu kayan lambu. Dabino guda da ƙwallonsa a tafin hannu ya isa a fara magana.

Wani zai ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta sunan ɓangarensa? Gaskiya ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Talauci ne babban dalili, kuma darasin aji ba ya cika tukunya. Sai dai abubuwan da suka fi araha a kasuwar Rimi ko 'Yankaba, irin su zogale da rama da alayyahu da yakuwa da kabewa, suna cikin waɗanda jikin yaro ya fi buƙata, kuma su ne 'ya'yanmu na birni suka fara yi wa kallon abincin ƙauye, suna tsame ganye daga miya suna ajiyewa a gefen kwano. Abin da na lura da shi a gidanmu shi ne, yaron da aka sa ya tsinke zogale da hannunsa ba ya cika ƙin cin kwaɗonsa. Ko don ya ce shi ya yi.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan maganar kukar leda, da aka kawo cefane, Hajiya ta hana a taɓa. Ta juye kwandon a kan tabarma ta kira yaran gidan su biyar, ta ce a raba mata: na ƙasa gefe guda, ganye gefe guda, masu iri a ciki gefe guda. Aka yi ta gardama. Karas bai ba da wahala ba, alayyahu ma haka. Kuɓewa sai da aka karya ta aka ga 'ya'yan cikinta kafin a yarda. Albasa ta yi yawo tsakanin tsibi biyu har sai da na kawo wuƙa. Daddawa ta tsayar da kowa, don babu wanda ya yarda cewa abu mai wannan wari daga bishiya ya fito, sai da Hajiya ta aika aka karɓo kalwa a maƙwabta. A ƙarshe aka bar gishiri da kanwa da dunƙulen magi a tsakiya, ba su da tsibi.

"Hajiya, shi wannan a wace bishiya yake?" in ji ƙaramin cikinsu, yana juya dunƙulen.

"Maigida, wannan sai ka tambayi masu kamfani. Ni ban taɓa ganin gonarsa ba."

Da damina ta sauka muka sami tsohon bokitin fenti, muka huda gindinsa, muka cika da ƙasa da ɗan takin awaki, ɗiyar ƙanwata ta binne gyaɗa uku da yatsanta. Na gaya mata sai ta yi haƙurin wata uku zuwa huɗu. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta tsuguna a gabansa, sau biyu ana kama ta tana tona gefe don ta ga ko an fara. Ta ga tsiro, ta ga ganye yana rufewa da magariba yana buɗewa da safe, ta ga furen rawaya, har ta kira ni da ihu ranar da ta ga tsinken farko ya sunkuya ƙasa. Kwana huɗu bayan haka aka bar ƙofar gida a buɗe, akuyar maƙwabta ta shigo ta yi wa bokitin aski tas.

Ta yi kuka har da shessheƙa. Hajiya ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Yi shiru kishiya, ita ma nata ɓangaren ta ci. Ɗauko wasu ukun." Wannan karon mun kife tsohon kwandon kaji a kai, mun ɗora dutse.